Yadda Muke Gyaran Goro a Shagamu, Daga Bishiya Zuwa Huhu

A Sabon Shagamu na tashi, cikin ƙamshin ɗanyen goro. Abin da Baba ya fara sa mini a kunne shi ne goro yana da rai. Yana numfashi, yana zufa, in ka toshe shi sai ya ruɓe.

Kakarsa tana kamawa ne daga Oktoba zuwa Disamba. Manoman Remo, wato yankin Yarabawan da Shagamu take ciki, kan ɗaura lauje a kan doguwar gora su tsinko kwanson kafin ya tsage da kansa, don wanda ya faɗi ya kwana a ƙasa ƙwaro ya riga ka. Ka tabbatar irin da suke kira gbanja ka saya, mai tsagi biyu, wanda sunansa ya samo asali daga Gwanja inda kakanninmu suke fatauci. Abata mai tsagi da yawa nasu ne na biki da al'ada, ba shi da kasuwa a Kano.

In an fasa kwanso, za ka ga kowane goro cikin farar riga. Jiƙa shi a ruwa ya kwana, rigar ta yi laushi, sannan a murje. Matan Yarabawa ne gwanayen wannan aiki, da yatsu kawai, ba wuƙa, domin ƙwarzane ɗaya ya isa ya baƙanta goro.

Daga nan a wanke, a zuba a kwando marar shimfiɗa, a bar shi a inuwa kwana uku ko huɗu ya yi zufa ya tsane. Nan ne masu gaggawa ke asara. Na taɓa ɗaure kwando biyu da sauran danshi don mota na jira, kafin a kai Zariya rabi ya yi fumfuna.

Sai tsinta. Zauna kan tabarma ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ka ware fari da ja, marsa da ƙanana. Duk wanda ka ga ɗan rami kamar na allura, sankara ce, wato ƙwaro ya shige shi, fitar da shi nesa da sauran.

Ganye shi ne ran aikin. Ganyen fita muke shimfiɗawa a kwando, mai faɗi, daga dausayi ake yanko shi, kuma masu yanka na gari ba sa tumɓuke saiwa, don baɗi ma a samu. Yana riƙe sanyi ba tare da ya hana iska ba. Ina roƙon 'yan'uwa, a daina barbaɗa maganin ƙwari a kan abin da tsoho zai sa a baki ɗanye.

Duk bayan mako biyu ka kwance, ka sake tsinta, ka sauya ganyen da ya bushe. Da haka sabo ke zama daushe. Baba kan ɗauki ɗaya ya ɓara kusa da kunne. In ya ji ƙas, sai ya ce a kawo igiya a ɗaure huhu.