Yadda ake sassaben zamani a gonakin Adar

Duk manomin da ke share gonarsa a karkarar Tahoua ya san cewa kututturen sabara ko kalgo da ya sare bara zai sake tsirowa bana, domin saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. A kan wannan aka gina sassaben zamani, wato renon tsiron kututture maimakon sare shi, dabarar da ta bazu daga Maradi tun wajen 1983, ta kuma dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a gonakin Nijar ba tare da an dasa su ba.

Aikin yana farawa bayan girbi. Manomi ya zagaya gonarsa ya tantance kututturan da zai bari, ya fifita gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya hana hatsi rana, da rani kuma ƴaƴansa abincin dabbobi ne. Magarya da aduwa ma sun cancanci a bar su saboda ƴaƴansu da mata ke kai wa kasuwa.

A kowane kututture sai a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. A nan mutane da yawa ke kuskure, domin sukan sara daga sama zuwa ƙasa, ɓawo ya yage, ƙwari su samu mashiga. Da adda ko gatari mai kaifi ake yi, ana sara daga ƙasa zuwa sama, sa'an nan a rage rassan gefe har zuwa rabin tsawon tsiron kawai, kada a bar shi tsirara iska ta karya shi. A ɗaura masa tsumma don mai wucewa ya san yana da mai shi. Bayan ƴan watanni a dawo a sake gyarawa. Abin da aka cire ya zama itacen girki.

Sai dai a ganina, abin da ya fi wuya shi ne tsaro, domin itacen da mutum ya yi shekara uku yana reno ana iya sare shi a dare ɗaya. Dole mai gari ya tara manoma da makiyaya da mata masu neman itace, a kafa kwamitin sa ido, a tsayar da tarar wanda ya sare itacen wani, a kuma bar burtali a buɗe yadda dabbobi za su wuce. Ya kamata a gayyaci ma'aikatan gandun daji zaman, tun da dokar da gwamnati ta fitar a 2020 ta amince cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne.

Inda ƙasa ta zama faƙo, babu kututturen da za a rena, sai a haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama, a zuba taki, kamar yadda aka daɗe ana yi a yankin Illela, domin irin itatuwan da ke cikin kashin dabbobi yakan tsiro tare da hatsin.