Yadda Za a Kare Rijiyar Ƙauye Daga Kwalara Kafin Damina

Kwalara tana bin ruwan sha da abincin da bayan gida ya gurɓata, kuma a ƙauye babbar ƙofarta ita ce rijiya. A shekarar 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Aikin kariya da rani ake yin sa, tun kafin ruwan farko ya kwaso ƙazantar bayan gari ya gangaro da ita.

Da farko a auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai mafi kusa. Kada ta gaza mita 30, kuma masan ya kasance ta ɓangaren gangare. Daga nan a ɗaga bakin rijiyar da bulo, a daɓe kewayenta da siminti, a fitar da magudana wadda za ta kai ruwan da ya zube nesa, sannan a yi mata murfi.

Sai dai duk wannan kashe kuɗi ba zai amfana ba muddin kowane gida yana zuwa da gugarsa. Gugar da aka yar a taɓon da awaki suka tattaka, aka kuma jefa ta cikin rijiya da igiyarta jiƙe, ta riga ta shayar da unguwa abin da ake gudu. Ya kamata mai unguwa ya tsayar da guga ɗaya ta kowa da kowa, a kafa sanda a riƙa rataye ta, kuma a hana wanki da shayar da dabbobi a kan daɓen.

A gida kuwa, a tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka, ko a sa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta, a jira minti 30. A rufe randa, a ware mata moɗa mai mariƙi wadda ba a kai ta baki.

Idan gudawa ta kama wani, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi yana kurɓa a kan hanyar asibiti, domin kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan.