Yadda ake zagaya tsohon birnin Meksiko da ƙafa, daga zamanin Aztek zuwa na Sifaniyawa

Tsakiyar birnin Meksiko, wadda mutanen can suke kira Centro Histórico, birni biyu ne ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa shi ne Tenochtitlan, wanda ƙabilar Mexica, wato Aztek, ta kafa a shekarar 1325 a kan wani tsibiri a tafkin Texcoco. Na sama shi ne wanda Turawan Sifaniya suka gina bayan sun ci na farkon da yaƙi a 1521, kuma da duwatsun wanda suka rushe suka ɗora harsashin gine-gine da yawa. Wanda ya shiga wurin yana ɗaga kai kawai zai ga majami'u da fadoji masu kyau, amma zai wuce rabin tarihin bai sani ba. Hanyar da zan shimfiɗa a nan tana farawa daga inda Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya shigo birnin, ta ƙare a inda aka kama sarkin Aztek na ƙarshe, kuma tana cin wuni guda idan ba a yi gaggawa ba.

Mataki na farko shi ne shiri, kuma a fara shi tun kafin ranar. Birnin yana kan tudun da ya kai mita 2,240 sama da teku, kusan ninki biyu na tudun Jos, saboda haka baƙon da ya sauka jiya zai ji numfashinsa yana yin sama da ɗan tafiya kaɗan. Ka ba jikinka kwana ɗaya, ka yawaita shan ruwan gora, ka nemi takalmi mai taushi domin daɓen titunan ba daidai yake ba. Kada ka zaɓi Litinin, domin ranar ce yawancin gidajen tarihi suke rufe, ita kuwa Lahadi cunkoso yakan yi yawa saboda 'yan ƙasa suna shiga gidajen tarihin gwamnati kyauta. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, ruwan kuma yakan sauko da la'asar, don haka a yi sammako.

Mataki na biyu, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ka sauka a tashar Pino Suárez, ba tashar Zócalo da yawancin baƙi suke sauka ba. A cikin tashar akwai wani ɗan gini zagayayye na dutse, wurin bautar Ehécatl, abin bautar iska a wurin Aztek, wanda aka tono lokacin haƙa hanyar jirgin a ƙarshen shekarun 1960, aka bar shi a inda aka same shi. Daga nan ka fito ka miƙi titin Pino Suárez zuwa arewa. Titin yana bin sawun tsohuwar hanyar da Aztek suka cike da ƙasa da duwatsu a kan ruwa, ita ce ta haɗa tsibirin da kudancin tafkin, kuma ta kanta Cortés da rundunarsa suka shigo ranar 8 ga Nuwamba, 1519. A kusa da cocin Jesús Nazareno akwai allon dutse da ke nuna wurin da ake cewa sarki Moctezuma na biyu ya tarye shi. A jikin cocin akwai asibitin da Cortés ya kafa a 1524, wanda har yanzu yake karɓar marasa lafiya, kuma ƙasusuwan Cortés ɗin suna cikin bangon cocin, da ɗan ƙaramin allo kawai a kansu. Ƙanƙantar allon tana nuna matsayin mutumin a zukatan 'yan ƙasar.

Kafin ka bar wurin, ka tsallaka titi zuwa Museo de la Ciudad de México, wato gidan tarihin birnin, wani tsohon gidan masu sarauta na zamanin mulkin mallaka, ka dubi kusurwar ginin daga ƙasa. Za ka ga kan maciji na dutse, sassaƙar Aztek, an mai da shi dutsen kusurwa, ginin Turawa yana danne da shi. Ka riƙe wannan a ranka, domin daga nan zuwa yamma abin da za ka yi ta gani ke nan.

Mataki na uku shi ne Zócalo, babban dandalin birnin. Ka tsaya a tsakiya kusa da sandar tuta ka daidaita alƙiblarka: babbar majami'a tana arewa, fadar ƙasa tana gabas, gine-ginen hukumar birni suna kudu. Sunan dandalin a hukumance Plaza de la Constitución ne, amma a 1843 aka soma wani ginin tunawa da 'yancin kai wanda bai wuce gindinsa ba, kalmar zócalo kuwa gindin gini take nufi, sai sunan ya bi wurin. Hoton da ke tsakiyar tutar, gaggafa a kan tsiro mai ƙaya da suke kira nopal tana riƙe da maciji, shi ne alamar da labarin Aztek ya ce da ita suka gane inda za su kafa birninsu. A wannan dandali ne ma'aikata suka tono shahararren Dutsen Rana, wani ƙaton faifan dutse na sassaƙar Aztek, a Disamba 1790, sai dai yanzu yana babban gidan tarihin al'adu da ke Chapultepec, wanda ya cancanci wuni nasa daban.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci a ganina, shi ne Templo Mayor, babban ɗakin bautar Aztek, da ke arewa maso gabashin dandalin. Ka shiga cikinsa kafin majami'ar, domin ido ya ga na farko kafin ya ga wanda ya maye gurbinsa, kuma ka ware masa aƙalla awa biyu. A Fabrairun 1978 ne ma'aikatan kamfanin lantarki da ke haƙa a wurin suka ci karo da wani faifan dutse mai faɗin fiye da mita 3, ɗauke da siffar Coyolxauhqui, wata abar bautarsu, wadda tatsuniyar Aztek ta ce ɗan'uwanta Huitzilopochtli ya yi gunduwa-gunduwa da ita ya jeho ta daga kan tsauni. Wannan ya sa gwamnati ta rushe gidajen da ke wurin aka buɗe babban aikin tono a ƙarƙashin jagorancin Eduardo Matos Moctezuma.

Abin da yakan rikita baƙo shi ne ba zai ga dala a tsaye ba, sai matattakalai jere a bayan juna. Dalili shi ne sarakunan Aztek ba sa rushe tsohon gini idan za su faɗaɗa shi, sai su lulluɓe shi da sabo, kamar ɓawon albasa, har hawa bakwai. Sifaniyawa sun ƙwaƙule na waje, waɗanda suka fi girma, suka bar na ciki. Saboda haka duk takun da ka yi zuwa tsakiyar wurin komawa baya kake yi a tarihi, har ka isa ɗakuna biyu na kusan shekarar 1400: na kudu na Huitzilopochtli, abin bautar yaƙi da na rana, na arewa na Tlaloc, abin bautar ruwan sama. A gaban na kudu akwai dutsen da ake kwantar da mutum a yanka, a gefe kuma akwai wani dandamali da aka yi wa ado da ƙoƙon kai 240 na dutse. Bai kamata a ɓoye wannan ɓangare na addininsu ba, kuma bai kamata ya rufe wa mutum ido daga gwanintarsu a gini, noma a kan ruwa da lissafin kwanaki ba. Gidan tarihin da ke ƙarshen hanyar, wanda aka buɗe a 1987, yana ɗauke da faifan Coyolxauhqui na asali da kuma ƙaton dutsen Tlaltecuhtli mai nauyin kusan tan 12 da aka tono a 2006, wanda har launin fentinsa bai gama gogewa ba. Ka hau bene ka leƙo su daga sama, nan ne siffarsu take fitowa sosai.

Mataki na biyar, ka shiga babbar majami'ar. An soma gininta a 1573, ba a kammala ba sai 1813, shekara 240 ke nan, shi ya sa salon gini daban-daban suka haɗu a jikinta. Ka dubi Altar de los Reyes a can ƙurya, sassaƙen katako da aka shafe da ruwan zinariya daga ƙasa har rufi, sannan ka sauke idonka ƙasa. Daɓen ba a miƙe yake ba, kuma a tsakiyar ɗakin akwai ƙarfe mai tsini da aka rataye da doguwar igiya daga rufi, irin ma'aunin magina, yana nuna yadda ginin ya karkata tsawon ƙarnoni. Ƙasan wurin laka ce ta tsohon tafki. Sifaniyawa sun yi ta janye ruwan tafkin, musamman bayan ambaliyar 1629 da ta bar birnin cikin ruwa kusan shekara biyar, kuma a yau famfunan da ke zuƙo ruwan sha daga ƙarƙashin ƙasa suna sa lakar ta ƙara matsewa. A shekarun 1990 injiniyoyi suka riƙa kwashe ƙasa daga ƙarƙashin ɓangarorin da suka fi tudu domin ginin ya nitse daidai wa daida. Wurin ibada ne da ake amfani da shi kullum, don haka a rage murya, kuma kada a ɗauki hoto lokacin da ake addu'a.

Fadar ƙasa tana kan filin da gidan Moctezuma yake a da, kuma a cikinta akwai zanen bango na Diego Rivera da ya soma a 1929, wanda ya ba da tarihin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Shugaban ƙasa yana zaune a can, ƙa'idar shiga takan canza, saboda haka ka bincika tun da wuri kuma ka riƙe takardar shaida. Idan bai yiwu ba, ka bi titin Moneda da ke gefenta, inda gidan da aka kafa maɗaba'a ta farko a nahiyar Amurka a 1539 yake. Jan dutse mai ƙofofi da za ka gani a bangaye shi ne tezontle, dutsen aman wuta marar nauyi, wanda Aztek da Sifaniyawa duka suka yi gini da shi saboda laushin ƙasar.

Daga nan ka bi titin República de Brasil zuwa dandalin Santo Domingo. A ƙarƙashin rumfunan yamma akwai masu rubuta wa jama'a wasiƙa da takardun koke, waɗanda ake kira evangelistas, sana'ar da duk wanda ya san masu zama da tafireta a bakin kotu ko gidan waya a garuruwanmu zai gane ta nan take. A kusurwar dandalin kuma akwai fadar kotun binciken aƙida ta cocin Katolika, wadda aka kafa a ƙasar a 1571, yanzu ginin gidan tarihin likitanci ne. Wannan lokaci ne mai kyau na cin abinci, kuma Musulmi ya kula ƙwarai: naman da ake gasawa a tsaye da sunan al pastor na alade ne, haka nan ana yawan sa kitsen alade, wato manteca, a cikin wake da tamales, wani abinci na ƙullun masara da ake dafawa a naɗe cikin ganye. Ka tambaya kafin ka saya, ko ka tsaya ga kifi, gasasshiyar masara da 'ya'yan itace. Masarar da barkonon da ke gabanka daga wannan yanki suka bazu har suka iso tukwanenmu, kalmar tumatir ma asalinta tomatl ce a harshen Aztek.

Mataki na shida gajere ne. Ka bi titin Madero, wanda motoci ba sa shiga, zuwa yamma, ka wuce fadar Iturbide da Casa de los Azulejos mai bango lulluɓe da tayil shuɗi da fari, ka riƙe jakarka a gaba saboda 'yan sane. A ƙarshen titin ka hau Torre Latinoamericana, benen da aka gama a 1956 wanda ya tsira daga girgizar ƙasa ta 1957 da 1985 da 2017. Daga samansa za ka ga duwatsun da suka kewaye kwarin, ka gane cewa duk wannan shimfiɗaɗɗen birni gadon tafki ne, ka kuma ga titin Tacuba, tsohuwar hanyar kan ruwa da Sifaniyawa suka bi suka tsere da dare a ƙarshen Yunin 1520, bayan mutanen gari sun tayar musu.

Mataki na ƙarshe shi ne Tlatelolco, kimanin kilomita biyu arewa. Idan ƙafa ta gaji ko rana ta yi sanyi, gara ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na uku. Nan ce babbar kasuwar daular take, kuma nan ne mayaƙan Aztek suka ja daga ta ƙarshe bayan watanni na ƙawanya, da yunwa, da cutar agana da ta riga ta yi musu ɓarna, suna fuskantar Sifaniyawa da dubban abokan ƙawancensu 'yan ƙasa, musamman mutanen Tlaxcala. Ranar 13 ga Agusta, 1521, aka kama sarki Cuauhtémoc a cikin kwalekwale. Ana kiran wurin Plaza de las Tres Culturas, wato dandalin al'adu uku, domin kufan Aztek, da cocin Santiago da aka gina da duwatsunsa, da benaye na zamani suna tsaye a fili ɗaya. Allon da ke wurin ya ce abin da ya faru ba nasara ba ne kuma ba shan kaye ba ne, haihuwa ce mai raɗaɗi ta al'ummar Meksiko ta yau mai gaurayen jini. A ɗaya gefen filin akwai wani dutsen tunawa da ɗaliban da sojoji suka harbe a nan ranar 2 ga Oktoba, 1968. Ana rufe ƙofar kufan da yamma, saboda haka ka yi ƙoƙarin isa kafin ƙarfe huɗu, ka koma masauki da sauran haske.