Babi na Shida: Naƙudar Haihuwa ta Biyu

Darasi na 1: Ta biyu ba irin ta fari ba ce

'Yar'uwa, ɗauko katinki na awo, da fensir, da littafin rubutu. Ki ajiye waya ko agogo a gabanki. Idan karatun bai zauna miki ba tukuna, ba komai, ki sa wata ta karanta miki, ke kuma kina bin layin da yatsa.

Duba saman katin. Akwai haruffa uku, EDD, da kwanan wata a gefensu. Wannan ita ce ranar da ake sa ran saukarki. Lambar farko rana ce, ta tsakiya wata, ta ƙarshe shekara. Idan kin ga 14/9, ana nufin 14 ga watan tara, wato Satumba. Ba dole ba ne ki haihu ranar. Daga mako 37 na cikin, naƙuda tana iya tashi kowane lokaci.

Kafin jariri ya fito sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 10. A haihuwar fari yana buɗewa a hankali. A ta biyu ya riga ya taɓa buɗewa, saboda haka yawanci ya fi sauri, nishin ma ya fi gajarta. Wata ta yi sa'a biyu tana yunƙurin ɗan fari, amma na biyu ya faɗo cikin 'yan mintuna. Shi ya sa ake samun mata suna haihuwa a cikin A Daidaita Sahu ko a bakin ƙofar asibiti. Sun auna wannan naƙudar da waccan, suka ce da sauran lokaci.

Ga wani bambancin kuma. Cikin fari da yawa a gidan iyaye ake goyonsa, ga uwa ga gwaggo suna lura da ke. Na biyu kuwa kina ɗakinki, wataƙila daga ke sai yaron da bai daɗe da yaye ba. Lissafin ya dawo hannunki.

Darasi na 2: Ƙirga tazarar ciwo

Wannan darasin shi ne ginshiƙin babin, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Mu bi shi sannu-sannu.

Ciwon naƙuda zuwa yake yana tafiya. Ciki ya ɗaure tamau, baya da mara su riƙe, ya yi kamar rabin minti zuwa minti guda, sannan ya saki. Ɗora tafin hannunki a saman cibiya, za ki ji taurin da kanki.

Yanzu duba fuskar waya. Akwai lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu, kamar haka, 8:10. Ta hagu ƙarfe ce, ta dama minti. Ana karanta ta ƙarfe takwas da minti goma.

Da ciwo ya fara, duba waya ki rubuta lokacin. Da ya fara aka ce, ba da ya lafa ba. Kada ki rubuta komai idan ya saki. Jira na gaba. Da shi ma ya fara, sake rubutawa a ƙarƙashin na farko. Daga farkon wannan zuwa farkon wancan, ita ce tazara.

Misali:
Ciwo ya fara 8:10
Na biyu ya fara 8:25
Na uku ya fara 8:40

Cire 10 daga 25, saura 15. Cire 25 daga 40, saura 15. Tazarar minti 15 ce ke nan.

Ina kuskuren yake? Mace takan jira ciwo ya sake ta, ta numfasa, ta sha ruwa, sannan ta tuna da waya. Wannan karon ta rubuta ƙarshen ciwo, wancan karon ta rubuta farkonsa, lissafin ya hargitse, ta kasa gane ko ciwon yana matsowa ne ko a'a. Daga farko zuwa farko. Faɗi da bakinki: daga farko zuwa farko. Madalla. Idan ciwon ya hana ki riƙe fensir, ce wa wadda ke kusa da ke "ya fara", ita ta rubuta. Ita ma ki gaya mata, farkon ciwo ake rubutawa.

Ga wurin tuntuɓe na biyu. Ciwo ya fara 8:55, na gaba ya fara 9:05. Kada ki ce za ki cire 55 daga 5. Minti 60 ne a sa'a guda, ba 100 ba. Daga 8:55 zuwa 9:00 minti 5 ne. Daga 9:00 zuwa 9:05 wani 5. Haɗa su, minti 10. Idan ya ruɗe ki, ƙirga da yatsu, babu abin kunya a ciki.

Gwada wannan: 10:50, 11:00, 11:09, 11:17. Tazara nawa-nawa ce? Raguwa take ko ƙaruwa? Kuma lokutan nan da aka rubuta, farkon ciwo ne ko ƙarshensa? Farko ne. Kullum farko.

Naƙudar gaskiya tazararta raguwa take, ciwon yana ƙara ƙarfi, kuma kwanciya ba ta kashe shi. Ta ƙarya kan zo babu tsari, in kin huta ko kin juya sai ta ɓace.

Mai haihuwa ta biyu, da tazara ta tsaya a kan minti 10 tana maimaituwa, ki tashi. Kada ki jira ta sauko minti 5, balle idan asibitin da nisa ko hanyar ba kyau. Kuma idan faya ta fashe, ajiye fensir, lissafi ya ƙare, sai tafiya ko da babu ciwo.

Wallahi abin takaici ne a koya wa mace wannan, rana ta zo ta ce bari ta sauke tuwo tukuna, ko ta yi shiru wai kada a ce ta cika raki. Kunya ba ta riƙe jariri a ciki. Maigida kuma ya bar izinin fita tun kafin ranar, ya bar kuɗin mota da lambar direba a rubuce, don ba a san inda naƙuda za ta same shi ba. A san kuma wadda za a bar wa babban yaron.

Darasi na 3: Abin da ba a jira

A tafi asibiti nan take, ba ƙirge, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jini yana zuba, ba ɗan jirwayen da ke zuwa da majina ba, ruwan faya kore ko ruwan ƙasa (alamar jariri ya yi kashi a ciki ke nan), ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi, jariri ya daina motsi, hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, naƙuda ta wuce sa'a 12. Doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, haka ma yankan gishiri. Kada a bari a yi yankan.

Wadda aka yi wa tiyata a haihuwar fari, a babban asibiti za ta haihu, kuma da ciwon farko za ta tafi, don ɗinkin mahaifa yana iya yagewa. Allurar naƙuda ko jiƙon saurin haihuwa a gida haɗari ne ga kowa, gare ta kuwa ya ninka.

Sake duba kati wurin rukunin jini. Idan akwai alamar cirewa ko NEG, nuna wa malamar asibiti. Irin wannan jinin yana iya taɓa jariri, yawanci daga ciki na biyu. Akwai allurar kariya da ake yi cikin sa'a 72 bayan haihuwa.

Darasi na 4: Bayan sauka

A goge jariri, a ɗora shi a ƙirjinki, a rufe ku tare. Ba shi nono cikin sa'ar farko, dakashin nan kada a zubar. A jinkirta wankansa zuwa washegari. Mabiyiya takan faɗo cikin minti 30, kada a ja cibiya. Jinin da ya kai rabin lita, wato cikin leda guda ta fiya wata, ya yi yawa, a nemi taimako.

Ciwon mara bayan haihuwa ya fi zafi a ta biyu, musamman lokacin shayarwa. Mahaifa ce ke komawa, yakan lafa cikin kwana biyu ko uku.

Darasi na 5: Jakar haihuwa

A haɗa ta tun wata takwas: katin awo, zannuwa, audugar mata, kayan jariri, sabulu, tocila. Man cibiya na chlorhexidine, a tambaya a wurin awo.

Aikin gida: rubuta lokuta huɗu, ki fitar da tazararsu, ki zo da littafin.