Yadda Baƙo Zai Zagaya Birnin Kano Ba Tare da Ya Wahala Ba

Yawancin baƙin da suke komawa gida suna kukan cewa Kano ta gajiyar da su, idan aka bincika, za a tarar abubuwa biyu ne suka ci su: sun fito a lokacin da bai dace ba, kuma sun je neman kaya a kasuwar da ba ta kayan ba ce. Kano gari ne da kowace sana'a take da mazauninta, kowane sashe kuma yake da lokacin da ya fi daɗin shiga. Wanda ya san waɗannan biyun zai iya gama hidimarsa a yini guda, har ya sami sararin ganin wuraren tarihi.

Tun kafin ka fita daga masauki, ka fara kunna rediyo. Mutanen Kano ma'abota rediyo ne, kuma a tashoshi irin su Rediyon Kano, Freedom, Rahama da Dala FM ake fara jin sanarwar rufe hanya, ko gobara a wata kasuwa, ko sauyin da hukuma ta yi a kan zirga-zirga. Shirin Inda Ranka na Freedom ya daɗe yana kawo labaran unguwanni da ƙorafin jama'a, saboda haka sauraronsa sau biyu ko uku ya isa ya nuna wa baƙo abin da gari yake ciki. Labarin da ka gani a Facebook ko WhatsApp kuwa, musamman na tashin hankali, kada ka ɗauke shi ka yaɗa sai ka ji wata tasha ta tabbatar. Ka kuma lura da ranaku: a Asabar ɗin ƙarshen wata ana yin tsaftar muhalli, ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, sannan ranar Juma'a hanyoyin da suke kusa da manyan masallatai sukan toshe daga wajen azahar har a sauko daga salla.

Game da abin hawa, tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin, don haka adaidaita sahu ne abin hawan kowa. Hawansa iri biyu ne. Ko dai ka shiga tare da sauran fasinjoji ka biya kuɗin kujera ɗaya, ko ka ɗauki shata a kai ka kai kaɗai. Ko wanne ka zaɓa, ku daidaita kuɗin kafin ka zauna, ka kuma tanadi canji, domin yawancin rigimar ɗan adaidaita da fasinja a kan canji take tashi. Wajen kwatance, sunan titi ba ya cika yin amfani. Ka ambaci ƙofa, ko shataletale, ko gada, kamar Ƙofar Nasarawa, Kabuga, Ɗangi ko Gadon Ƙaya, nan take zai gane. Ka riƙe wayarka a aljihu yayin da kake cikin adaidaita, musamman bayan magariba, saboda ƙwacen waya matsala ce da ta daɗe tana damun mazauna garin, kuma abin takaici ne yadda ta jawo asarar rayuka. Idan da motarka ka zo, ka kiyaye fitilar kan hanya da wurin ajiye mota, domin jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, ba sa ɗaga ƙafa.

Idan yini guda gare ka, shawarata ita ce ka fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu. A gindin dutsen nan ne asalin garin ya kafu, kuma daga samansa za ka hango Goron Dutse, da hasumiyoyin Babban Masallaci, da rufin gidajen cikin birni sun miƙe iyakar ganinka. Daga nan sai ka gangara Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A Kurmi ne ake samun kayan dukanci, huluna, turaren wuta, tasoshi, littattafan addini da kayan doki irin su sirdi da linzami. Lungunanta matsattsu ne, sun kuma yi kama da juna, don haka kada ka ji kunyar tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ka yi sallama, ka gaisa da mai rumfa yadda ya kamata, sannan ka tambayi abin da kake nema, sau da yawa ma zai haɗa ka da yaronsa ya raka ka.

Ciniki a irin waɗannan kasuwanni yana da ladabinsa, kuma a nan ne baƙo ya fi yin kuskure. Idan mai kaya ya ce ka taya, kada ka yi tayin wulaƙanci, kada kuma ka nuna zumuɗi a kan abin da ya burge ka. Idan ya ce "albarka", tayinka bai kai ba ke nan, sai ka ƙara kaɗan ko ka nemi ya faɗi yadda zai sallama. Abin da bai kamata ba shi ne a sallama maka kaya a kan kuɗin da kai da bakinka ka taya, sannan ka juya ka tafi. Wannan yana zubar da mutunci. Ya fi kyau ka zaga rumfa uku ko huɗu kana jin farashi kafin ka buɗe baki ka yi tayi. Idan dillali ya shiga tsakani, ka san cewa akwai la'adarsa a cikin kuɗin, ka kuma yi magana da ɗan dako a kan ladansa kafin ya ɗora kaya a ka ko a baro.

Bayan Kurmi, Gidan Makama yana daura da fadar sarki, wato Gidan Rumfa. Tsohon gini ne na ƙasa da aka mayar gidan adana kayan tarihi, inda za ka ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da hotunan sarakuna. Daga can ba nisa zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, inda har yanzu ake rini da baba da toka a cikin rijiyoyin marina, a gefe kuma masu bugu suna dukan yadi har ya yi ƙyalli. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, kuma idan da hali ka sayi ko da ƙyalle ɗaya ne, domin da cinikin baƙi sana'ar take numfashi a yau.

Wanda sayayya ce ta kawo shi, sai ya nufi inda kayansa suke kai tsaye. Atamfa, shadda, leshi da yadi suna Kantin Kwari. Sarin kayan masarufi yana Singa. Hatsi, wake da riɗi suna Dawanau a kan hanyar Katsina. Kayan miya suna 'Yankaba. Kayan marmari suna 'Yan Lemo a hanyar Zariya. Waya da gyaranta suna Farm Centre. Robobi da gwanjo kuma suna Ƙofar Wambai. Kwari da Singa ana shigarsu ne da hantsi, domin daga la'asar cunkoso yakan sa tafiyar minti goma ta koma ta awa guda. Kada ka ɗauki maƙudan kuɗi a jiki, tunda 'yan kasuwa da yawa suna karɓar taransifa.

Idan yunwa ta taso, ka nemi gurasa, wadda unguwar Jakara ta yi suna wajen gasa ta, a yi maka bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ka bi da fura da nono mai sanyi. Da yamma kuwa, mai sha'awar ƙwallo zai iya leƙa filin wasa na Sani Abacha idan Kano Pillars tana wasa a gida, mai iyali kuma ya kai yara gidan namun daji na Audu Baƙo.

Wanda ya sami damar zaɓar lokacin zuwansa, ya daidaita shi da bikin salla, lokacin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, hawan da UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2024. An sha dakatar da hawan a wasu shekarun saboda dalilan tsaro, don haka ka saurari sanarwa a rediyo kafin ka kama hanya. Idan an tabbatar za a yi Hawan Daushe, ka isa Ƙofar Kudu ta fadar sarki tun bayan azahar domin ka sami wurin tsayawa, ka riƙe ruwan sha, ka kama hannun yaranka, sannan ka tsaya nesa da hanyar da dawaki suke sukuwa.