Yadda Za a Fitar da Jemagu Masu Cin Ƙwari daga Rufin Gida Ba Tare da an Kashe Su Ba

Ƙaramin jemagen da ke zama tsakanin kwano da silin a gidaje da makarantu, wanda masana ke kira Chaerephon pumilus, ya bambanta da manyan jemagu masu cin 'ya'yan itatuwa. Nauyinsa bai wuce giram 10 zuwa 15 ba, leɓensa na sama yana da tamoji, jelarsa kuma ta zarce fatar da ke haɗe da ƙafafunsa. Ƙwari kaɗai yake ci, yana kama su a sama cikin duhu ta hanyar fitar da siririn sauti da sauraron amsa-kuwwarsa. Saboda haka fesa masa fiya-fiya asara ce ga manomi, ga kuma warin mushe a silin.

Da farko a tabbatar cewa jemage ne. Kashinsa yana kama da na ɓera, amma idan an murƙushe shi yakan zama gari mai ƙyallin ɓaraguzan ƙwari. Daga nan a tsaya a waje da magariba a lura da inda suke fitowa, domin kafar da yatsa zai iya shiga ta ishe su.

Zaɓen lokaci shi ne ya fi komai muhimmanci. Macen tana haihuwar ɗa ɗaya bayan cikin kimanin wata biyu, tana iya maimaitawa fiye da sau ɗaya a shekara, galibi da damina lokacin da ƙwari suka yawaita. Duk wanda ya toshe rufi a wannan lokaci zai rufe jariran da ba su fara tashi ba, su mutu a ciki. A bari sai tsakiyar rani.

Sai kafinta ya toshe dukkan kafofin, ya bar wadda suka fi bi. A kanta a rataya ragar sauro, a kafe ta daga sama da gefe biyu, a bar ƙasanta a buɗe, ta sauko kamar santimita 60. Da yake fukafukansa dogaye ne kuma sirara, wannan jemage yakan saki jiki ya faɗo kafin ya tashi, don haka zai zame ya fita ta ƙasa, amma idan ya dawo ba zai gane hanyar ba. Bayan kwana 5 zuwa 7, idan an daina ganin fitarsu, a cire ragar a toshe kafar.

Kafin share kashin a yayyafa masa ruwa, a sa takunkumi, saboda ƙurarsa tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar huhu. Taki ne mai kyau ga lambu. Kada a kama jemage da hannu. Wanda ya samu cizo ya wanke wurin da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti nan take, domin jemagu na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta dangin ta haukan kare.