Yadda Zaka Yi Noma da Ƙafa Ɗaya: Saƙo Ga Abokan Aikina da Suka Dawo Gida da Rauni

Nakiya ce ta tashi da motarmu a hanyar Damboa ta jihar Borno, zamanin Lafiya Dole, wato aikin soja na yaƙi da Boko Haram, a 2016. Na farka an yanke mini ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Yau ina noman albasa da tumatir a ƙauyenmu kusa da Kura, da ruwan da ke zuwa daga madatsar Tiga. Ga ɗan'uwa soja da aka sallama saboda rauni nake wannan rubutu, wanda kuɗin sallama ya shigo hannunsa yana tunanin komawa gona.

Da farko dai, kada ka sayi babbar gona. Ni na yi wannan kuskuren: na kama kadada biyu can nesa da gari saboda arha, ko zagaye ta ban iya yi ba sai dungun ya fashe. Na sayar da asara. Nemi ƙaramin fili, ko rabin kadada ne, inda babur mai ƙafa uku zai kai ka har bakinsa, kuma ruwa na kusa. Mai ƙafa biyu buhu yake ƙirgawa, kai kuwa taku zaka fara ƙirgawa.

Sai ka tsara gonar yadda ƙafarka take so. Fangalolina na yi su ƙanana, yadda hannuna zai kai tsakiya daga kowane gefe ina zaune a kan 'yar kujerar katako. Tsakanin layuka na bar hanya mai faɗi, na daɓe ta da kyau, don sanda ba ta shiri da laka. Injin ban ruwa na ajiye shi wuri guda a kan dakali, na ja tiyo mai tsawo, ba na ɗaga shi. Noman ciyawa kuwa, doguwar hauyar nan ta mutanen Nijar da ake aiki da ita a tsaye ta fi mini fartanya nesa ba kusa ba, saboda sunkuyo yana jefa nauyi duka a kan ƙafa mai lafiya, ita ma kuma tana da haƙƙi a kanka.

Maganar dungu ita ce babba, a nan zan daɗe. Zufa ce abokiyar gabarka. Ka tafi gona da safa ta dungu aƙalla uku a leda. Da hantsi ka zauna a inuwa, ka cire ƙafar roba, ka goge wurin ya bushe, ka canza safa. Da yamma ka wanke da sabulu, ka ɗauki madubi ka duba ƙasan da idonka ba ya kaiwa. In ka ga ja wanda bai baje ba bayan ka huta, ko ƙurji ya fito, gobe babu gona, ko da ranar dashe ce. Na taɓa yin taurin kai irin namu na barikin soja, na ci gaba da aiki da ɗan ciwo, ya kwantar da ni wata guda, tumatir ya ruɓe a gona ina kallo. Dungu kuma yana ramewa da tafiyar lokaci, ƙafar ta riƙa yi maka yawa. In ta fara sassautawa ka koma wurin masu haɗa ta su gyara, kada ka cusa tsumma. Mu nan asibitin ƙashi na Dala muke zuwa. Kada ka shiga fangali mai ruwa da ƙafar roba, laka na tsotse ta, yashi ya shige gaɓoɓinta.

Akwai aikin da ba naka ba ne. Huɗa, ka biya mai garmar shanu. Dashe da ɗaukar buhu, ka sa yara 'yan ƙwadago. Naka shi ne renon iri, ban ruwa, sa taki da sa ido. Irin albasa yakan yi mako shida zuwa takwas a wurin reno kafin dashe, kuma aiki ne na zaune wanda yake son haƙuri, ka ga ya dace da mu. In ka girbe kada ka kai kasuwa duka lokacin da ta cika; ka shanya ta sosai, ka adana a rumfa mai shan iska, ka riƙa tsince wadda ta fara lalacewa, farashi yakan ɗaga in damina ta kama.

Fanshonka kada ka haɗa shi da kuɗin gona. Nawa na cefanen gida ne da makarantar yara, maiɗakina ce ke riƙe da lissafinsa. In kuma kana cikin waɗanda za a tura cibiyar koyon sana'a ta sojoji da ke Oshodi a Legas kafin sallama, ka zaɓi ɓangaren noma ko kiwo, ka buɗe kunne.

Abu ɗaya da ban ji wani ya faɗa mini ba: daren farko-farko barci ba ya zuwa, kuma ƙafar da babu ita takan yi ƙaiƙayi ko zafi kamar tana nan. Ka gaya wa likita, sun san abin. Ni a irin wannan daren nakan jira asuba, in yi salla, in hau babur in je in tada inji kafin kowa ya fito.